Yadda na zaɓi salansa na ɗaura wa doguwar bindigata mai cin harsashin fistol

Duk wanda ya daɗe yana zuwa filin harbi a nan Amurka zai gane tsofaffin maharba da alama guda: sai ka maimaita musu magana, kuma kullum kunne ɗaya suke juyo maka da shi. Ƙarar bindiga ce ta cinye musu ji a hankali, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ni ma da na fara jin wani siririn kuka a kunnen hagu idan dare ya yi tsit, duk da ina cusa abin toshe kunne in kuma kifa babban murfi a kai, sai na ga bai kamata in jira in zama kamarsu ba. Dalilin da ya sa na nemi salansa ke nan, wato bututun da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage ƙararta.

A wajen birnin Houston nake zaune, a jihar Texas, kuma na daɗe da samun takardar zama ɗan ƙasa. Ƙarshen mako nakan je harbin farantan ƙarfe, wasa ne na saiti da sauri da ake yi da agogo. Bindigar da nake yi da ita Ruger PC Carbine ce. Doguwa ce, ana dafa ta a kafaɗa, amma harsashin fistol take ci, mai milimita 9. Bututunta ya ɗan haura inci 16, wanda shi ne mafi ƙarancin tsawon da dokar tarayya ta yarda wa doguwar bindiga ba tare da rajista ta musamman ba.

Na san yadda maganar bindiga ke sosa mana rai a gida, da abin da mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato ke gani a hannun 'yan bindiga. Da na faɗa wa babban wana a waya, shiru ya yi kafin ya ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da kayan masu kisa a ɓoye?" Na ce, "Yaya, wallahi ba yadda ake nunawa a fim ba ne. Ko da salansa, maƙwabci zai ji harbi sarai." Gaskiyar ke nan. Fistol mai milimita 9 ba tare da komai ba tana yin ƙara wajen desibel 160 (ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ma'aunin da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa wa ƙara mai fashewa lokaci guda shi ne 140. Salansa mai kyau takan rage tsakanin 20 zuwa 35. Abin da ya saura har yanzu ƙara ce mai ƙarfi, sai dai ta sauko daga inda take yaga kunne nan take. Kuma duk abin da zan faɗa a nan dokar Amurka ce. Dokar makamai ta Najeriya daban take, fitar da irin wannan kaya daga Amurka ba izini kuwa babban laifi ne, don haka kada wani ya ce in saƙo masa a jaka.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, zaɓen salansa daga bindiga yake farawa. Mutane kan shiga shago suna tambayar wacce ce ta fi shiru, alhali tambayar farko ita ce yaya bindigarka ke aiki. Tawa, kamar yawancin irinta, ba ta da abin da ke kulle sakatar da ke tura harsashi. Nauyin sakatar da ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe ta a rufe, har matsin albarushi ya tura ta baya ta tofar da kwanso. Ruger ma sun saka wani dunƙulen ƙarfen tungsten a cikin sakatar don ƙara mata nauyi. To idan ka ɗaura salansa a gaba, kana tsare hayaƙin ne kada ya fita da sauri, shi kuwa sai ya nemi wata hanya. Hanyar da ta fi masa kusa ita ce ta baya, ta tagar da kwanso ke fita, wadda ke dab da fuskarka. Saboda haka ana iya samun salansar da ta yi shiru sosai ga wanda ke tsaye a gefe, amma mai harbin yana shan hayaƙi da ƙara a kunnen dama. Bindigogin da ke jinkirta buɗewar sakata, irin su MP5 ta kamfanin Heckler & Koch, sun fi sauƙin wannan matsala, sai dai kuɗinsu ya ninka na tawa.

Abu na biyu, bututun tawa a kafe yake, ba ya motsi lokacin harbi. Wannan ƙaramar magana ce da ke da babban sakamako, zan dawo kanta wajen ɗauri.

Shagon da na je yana da filin gwaji a baya, kuma mai shagon, wani dattijo tsohon soja, ya bar ni na gwada guda uku a kan bindigata. Ta farko Omega 9K ce ta SilencerCo, gajeriya, ba ta kai inci biyar ba, an yi mata walda ruf, ba a buɗe ta. Ta burge ni don kusan ba ka jin an ƙara wa bindigar nauyi. Ta biyu Wolfman ce ta Dead Air, mai kauri da faɗin ciki, wadda aka ƙera musamman don irin waɗannan bindigogi. Faɗin cikin nan yana ba hayaƙi wurin zama, kuma a kunnena ita ta fi taushin sauti. Ta uku Obsidian 9 ce ta Rugged, wadda ake iya raba ta biyu: a bar ta doguwa, kusan inci takwas, ko a cire gaban ta koma wajen inci biyar. Ana kuma warware ta gaba ɗaya a fito da ƙananan ƙarafan cikinta masu siffar mazurari, waɗanda su ne ke tare hayaƙi daki-daki, a wanke su.

Ta ukun na ɗauka, kuma dalilaina biyu ne. Harsashin fistol ƙazami ne, yana barin toka da darma fiye da na manyan bindigogi masu zafin da ke ƙone dattin da kansu, ni kuma ina harbi da yawa, don haka na fi son abin da zan buɗe in gani da idona. Sannan ina da fistol a gida, kuma siririyar salansa ta fi dacewa da ita idan wata rana na so in sauya. Wanda doguwar bindiga kaɗai gare shi, ni da zan ba shi shawara, mai kaurin zan ce ya duba. A kan bututu mai inci 16 kuwa tsawo abin lura ne ƙwarai, domin kowane inci da ka ƙara a can ƙarshe sai hannun hagu ya biya kuɗinsa idan kana juyawa daga faranti zuwa faranti.

Akwai wasu bututu masu arha da ake tallatawa a intanet da sunan kayan wanke bindiga, ana raɗa wa mutane cewa za su yi aikin salansa. Araha ba ta ado. A idon doka wannan salansa ce marar rajista, kuma hukuncinta na iya kai ɗaurin shekara 10.

Daga nan sai takardu. Salansa tana ƙarƙashin dokar makamai ta tarayya ta 1934, wadda ta sa harajin dala 200 a kan kowace guda. A wancan zamanin dala 200 dukiya ce, an sa ta ne don a hana mutane saye, amma ba a taɓa ƙara ta ba har ta zama abin da ma'aikaci zai iya biya. Ni na biya wannan kuɗi. Daga 1 ga Janairun 2026 harajin ya koma sifiri bisa dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, sai dai rajista da binciken suna nan yadda suke. Dole ka kai shekara 21 kafin ka saya a hannun dila, kada ka kasance cikin waɗanda doka ta hana riƙe bindiga, kuma jiharka ta yarda. Jihohi 42 sun yarda. Kalifoniya da New York da New Jersey da Illinois da Massachusetts da Hawaii da Rhode Island da Delaware ba su yarda ba, haka ma birnin Washington.

Ka biya kuɗin salansar, amma ba za ka fita da ita ba. Tana zama a akwatin ƙarfen dila, da sunanka a jikin kwalin, har ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, ta amince. Takardar da ake cikawa ita ce Form 4. A shagon aka ɗauki hoton yatsuna goma a na'ura, aka ɗauke ni hoton fasfo, muka cika komai a kwamfuta, na tabbatar da lambar sirrina. Ana kuma aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankinka. Kafin 2016 sai ya sa hannu tukuna, abin da ya sa a wasu garuruwa ba a samun salansa sam, amma yanzu sanar da shi kawai ake yi. Mai shagon ya ja hankalina kan sunana: ya ce in rubuta shi daidai da yadda yake a lasisin tuƙi, harafi da harafi. Ga mu masu Muhammad da Mohammed da Muhammadu a takardu daban-daban, wannan gargaɗi ne mai amfani, domin ɗan saɓani kaɗan ya isa a mayar da takarda a sake daga farko.

An tambaye ni ko da sunana zan yi rajista ko da sunan amana, wato wata yarjejeniya ta shari'a da ke ba mutum fiye da ɗaya damar riƙe kayan. Na zaɓi sunana don ya fi sauƙi. A da mutane kan jira kusan shekara, amma tun 2024 masu cikawa ta intanet da sunan kansu suka fara samun amsa cikin kwanaki, ni ma ban daɗe ba saƙo ya shigo. Na koma shago, na cika takardar da ake cikawa wajen sayen kowace bindiga, aka miƙo mini kwalina.

Ɗaurin ne ya fi komai bukatar natsuwa, kuma a teburin shagon muka yi shi. Na cire gidan harsashi, na ja sakata baya na kulle ta, na leƙa ɗakin harsashi da ido, na sa yatsa na taɓa. Sai na murɗe ɗan murfin da ke kare tiredin bakin bututu, wato zaren da ake murɗa abu a kansa. Tiredin tawa shi ne wanda aka fi sani a Amurka ga milimita 9, ana rubuta shi 1/2x28, wato kaurin rabin inci da zare 28 a kowane inci, kuma dama ake murɗa shi. Bindigogin Turai da yawa suna zuwa da M13.5x1 na hagu, don haka sai ka tabbatar da naka kafin ka sayi maɗauri. Akwai kuma tarko a nan: 1/2x28 ɗin nan shi ne a kan bindigogi masu harsashin 5.56 da .22, waɗanda suka fi milimita 9 siranta. Salansarsu za ta hau bututunka lafiya lau, ta zauna daram, amma raminta ya yi wa harsashinka kaɗan. Hawan tiredi ba shaida ba ce cewa abu ya dace, sai ka karanta abin da aka zana a jikin salansar.

Yanzu ga maganar kafaffen bututu. Salansar fistol takan zo da fistin da sifirin a gindinta. Yawancin fistol bututunsu na ja baya ya ɗan sunkuya a kowane harbi, kuma nauyin salansa zai hana shi, shi ya sa aka sa sifirin ya ɗauke nauyin na ɗan lokaci. A kan bututun da ba ya motsi, wannan sifirin ɓarna yake yi: salansar za ta riƙa zabura gaba tana dawowa da duka, tana cin tiredi, har ta iya kaucewa daga saiti. Magani biyu ne. Ko a cire sifirin a sa wani zoben ƙarfe a madadinsa ya kafe fistin ɗin, ko a cire gidan fistin ɗin gaba ɗaya a sa maɗauri kafaffe. Na biyun na saya, don ƙarfe ɗaya ne ba haɗe-haɗe. Akwai na uku, mai haƙora uku irin na MP5, wanda ake turawa a murɗa kaɗan ya kama. Yana da saurin cirewa kuma ba ya kwancewa da kansa, amma yana ƙara tsawo da nauyi da kuɗi, ni kuwa ba na yawan cirewa.

Dattijon ya ɗauki burushi ya goge tiredin tas, ya nuna mini kafaɗar bututu, wato ɗan dakalin da tiredi ya ƙare a kansa. Ya ce a nan salansa ke samun saitinta, tiredi ja kawai yake yi. Don haka ba a barin komai tsakanin kafaɗar da maɗauri: in akwai zoben roba a cire, kuma kada a kuskura a sa washar nan da ake matsewa ta lotse, domin ba ta lotsewa daidai ta kowane gefe. Na shafa ɗan man hana kamewa, na ɗora salansar, na fara murɗa ta baya har na ji ɗan ƙas, alamar bakin zaren ya faɗa gurbinsa, sannan na murɗa gaba da yatsu biyu. Ta tafi sumul har ta dafa kafaɗa. Da ta yi tauri a tsakiya, da tsayawa zan yi, don tilasta tiredi lalata shi ne.

Sai gwajin da ya fi kwantar mini da hankali. Ya fito da wata siririyar sandar ƙarfe, miƙaƙƙiya sak, wadda aka yi daidai da ramin milimita 9. Ya zura ta ta bakin salansar ta shige cikin bututu, ya bar kanta ya tsaya daidai da ramin murfin gaba. Muka sunkuya muka duba da tocila. Abin da ake nema shi ne zoben sarari ya kewaye sandar, kusan daidai ta ko'ina. Tawa ta ɗan karkata ƙasa kaɗan, wanda nauyin sandar kanta kan jawo, amma ba ta taɓa ko'ina ba. Ya juya bindigar ya kifa ta, sandar ta sake karkata ƙasa, ya ce to nauyi ne, ba karkatar tiredi ba. Da ta jingina da gefe guda duk yadda aka juya, da ba za mu harba ba sai maƙerin bindiga ya duba. Harsashin milimita 9 kaurinsa inci 0.355 ne, sararin da ke tsakaninsa da mazuraran ciki kuwa ɗan kaɗan ne. Idan ya goge ɗaya, ya lalata kayan da ka yi wa rajista da lamba, kuma ba a sayen sabon bututun salansa a kanti kamar safaya.

Wani abu da ya shafi irin tawa kaɗai: tana rabuwa biyu don a sa ta a jaka, kuma akwai zoben da ake murɗawa a daidaita yadda bututu ke kama jiki. Da na rataya nauyi a gaba, sai na ƙara matse zoben har haɗin ya daina ko da ɗan motsi, domin madubin saitina a jikin bindigar yake zaune, ba a kan bututu ba.

A filin harbi na fara da harsashin da na saba, mai nauyin giren 115 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Na ji sauƙi, amma akwai wani tsawa mai kaifi da ke bin kowane harbi. Wannan ba daga bakin bindiga yake ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, harsashi mai sauƙi kuwa yana wuce haka, balle a dogon bututu da ke ƙara masa gudu, kuma duk abin da ya tsere wa sauti sai ya yi wannan tsawa a iska. Ba salansar da za ta hana. Da na sauya zuwa mai giren 147, wanda nauyinsa ke riƙe shi ƙasa da gudun sauti, sai abin ya canza gaba ɗaya. Harbin farko ya ɗan fi ƙara, saboda iskar da ke cikin salansar tana ƙonewa da ragowar albarushi. Daga na biyu sai na fara jin abubuwan da ban taɓa ji ba: kai-komon sakata, faɗuwar kwanso a kan siminti, da ƙarar faranti a yadi 50 tana dawowa tsaf. A lokacin sanyi gudun sauti yana raguwa, don haka harsashin da ke bakin iyaka zai iya yin shiru a watan Agusta ya yi tsawa a Janairu.

Hayaƙin baya kuwa ya zo kamar yadda aka faɗa. In na yi harbi a jere da salansar a doguwarta, idona kan yi yaji, gilashin kariya kuma ya yi ɗigo-ɗigon baƙin mai. Da na cire gaban na mayar da ita gajeriya, hayaƙin ya ragu sosai, bindigar ta fi saurin juyawa, ƙarar da ta ƙaru kuma ba ta kai yadda na zata ba, domin dogon bututu ya riga ya ƙone yawancin albarushin kafin a kai baki. Yanzu a gajeriya nake barin ta. Na rage man da nake zuba wa sakata, hakan ma ya taimaka. Wurin da harsashi ke sauka ya ɗan sauko ƙasa, na gyara madubi, kuma muddin na ɗaura ta yadda na saba, a nan yake komawa. Abin toshe kunne ban daina sawa ba, musamman a rumfar da wasu ke harbi kusa da ni, amma na ajiye babban murfin da ke hana ni kwantar da kunci a gindin bindiga yadda ya kamata.

Abu biyu na mayar al'ada. Salansa tana zafi da sauri, gidan harsashi biyu sun isa ta ƙone tafin hannu ko ta narkar da jaka, don haka ina da safar hannu mai kauri a aljihu. Kuma mai murɗawa takan sassauta da girgiza, saboda haka duk bayan ɗan harbi nakan cire harsashi, in juya baki wajen da babu kowa, in taɓa in ji ko tana nan a matse. Sassautacciyar salansa ita ce hanya mafi kusa zuwa gogar harsashi.

Wankinta aiki ne na gareji, ba na cikin gida ba. Abin da ke manne a mazuraran toka ce haɗe da darma, ita kuwa darma guba ce, ta fi yi wa yara illa. Ina sa safar roba, in shimfiɗa jarida, in jera su bi da bi yadda suka fito don kada in rikita tsarinsu, in jiƙa su da man wanke bindiga in kankare. In na gama, sai na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci ko in ɗauki 'yata. Na kuma koma sayen harsashin da jan ƙarfe ya rufe shi ruf har gindi, domin wanda gindinsa ke buɗe wuta na narkar da darmarsa ta bar ta a ciki. Bindigar kanta yanzu tana yin datti fiye da da, gidan harsashi ma har baƙi yake yi, don haka wankinta ya ƙaru.

Rajista da sunana tana da sharaɗin da sai da na zaunar da uwargida na yi mata bayani. Aboki zai iya harbawa da ita ina tsaye a wurin, amma ba zan ba shi aro ya tafi da ita ba, ko na yini ɗaya. A gida tana cikin ƙaramin akwatin ƙarfe da ni kaɗai na san lambarsa, daban da inda sauran kaya suke. Kwafin takardar amincewa yana cikin jakar harbi, wani kuma a wayata. In zan yi tafiya da mota zuwa wata jiha, salansa ba ta bukatar izinin ATF kamar bindigar kafaɗa da bututunta bai kai inci 16 ba, amma nakan duba dokar kowace jihar da zan ratsa, in akwai wadda ta hana a hanyata sai in bar ta a gida.